Manhajar Ƙirga Maziyarta da Manhajar Hirar Ma'aikata: Wacce Ke Yin Wane Aiki, Kuma Yaya Ake Haɗa Su?

Duk wanda ya buɗe shafin intanet na kasuwanci ko na labarai, ba ya daɗewa sai ya ci karo da tallan manhajoji iri biyu. Akwai masu ƙirga maziyarta, irin su Google Analytics da Matomo da Plausible. Akwai kuma masu tara ma'aikata wuri guda su yi magana, irin su Slack da Microsoft Teams, sai WhatsApp da Telegram da muka fi sabawa da su. Tallan nasu kusan baki ɗaya ne: za ka san abin da ke gudana, aiki zai yi sauri, ciniki zai ƙaru. Shi ya sa za ka ji mai shafi yana tambayar wacce ta fi, sai ka ce kaya iri ɗaya ake zaɓe a ciki.

Ba iri ɗaya ba ne. Ɗauki shagon atamfa a Kantin Kwari. Manhajar ƙidaya ita ce yaron da ka zaunar a bakin ƙofa da littafi, yana rubuta mutum nawa suka shigo, ta wane layi suka ɓullo, wane turmi suka ɗaga suka duba, nawa suka fita ba su saya ba. Manhajar hira kuwa ita ce maganar da ke tsakaninka da yaran shago: wa zai je sito, wa ya karɓi kuɗin Hajiya, me aka tsayar a kan farashi. Ɗaya idonta na kan baƙi, ɗaya tana riƙe da 'yan gida. Inda ake yin asara shi ne a tsakaninsu. Ana tara alƙaluma a wurin da babu mai leƙawa, ana kuma yanke shawara a zauren hira bisa zato da jin kunne. Gyara wannan ne ainihin aikin.

Fara da ƙidaya, ko da ba ka shirya karanta ta ba

Dalilin sa ta a gaba ɗaya ne: ba ta komawa baya. Daga ranar da ka ɗora ta take fara ƙirgawa, kuma watannin da suka wuce kafin nan sun tafi ke nan. Hira kuwa ko yau ka canza wurin yin ta, ma'aikatanka suna nan, bakinsu yana nan.

Yadda take aiki ba wani abin mamaki ba ne. Ana saka ɗan guntun rubutun kwamfuta a cikin kowane shafi. Da mutum ya buɗe shafin, rubutun zai aika saƙo cewa an buɗe shafi kaza, a lokaci kaza, da waya ko kwamfuta iri kaza, kuma daga wuri kaza aka biyo. Ba ya kawo maka sunan mutum ko lambar wayarsa.

Google Analytics ce ta fi yaɗuwa saboda kyauta ce. Kamfanin Google ya sayi wani kamfani mai suna Urchin a 2005, ya mayar da manhajarsa wannan da muke gani. Abin lura a nan: tsohon tsarin ya daina karɓar bayanai a ranar 1 ga Yuli, 2023, aka koma wanda ake kira GA4. Bidiyoyin koyarwa da yawa a YouTube na tsohon tsarin ne, za su sa ka yi ta neman maɓallan da babu su yanzu. Ka duba shekarar bidiyo kafin ka bi shi.

Ɗora ta ba ya cin awa guda. Ka shiga shafinta da asusun Google na kamfani, ka buɗe sabon asusu da sunan shafinka, ka zaɓi agogon ƙasarku da kuɗinku. Kada ka tsallake maganar agogo, domin in ka bar shi a kan lokacin Amurka, ranar Litinin ɗinka za ta fara ne bayan gari ya waye, rahoton kowace rana ya karkace. Daga nan za a ba ka wata lamba mai farawa da G-, tare da guntun rubutun. Idan shafinka na WordPress ne, ƙaramar manhajar Site Kit ta Google za ta jona maka shi ba tare da ka taɓa rubutun ba. In ba haka ba, ka ba wanda ya gina maka shafin ya sa shi a saman kowane shafi. Sai ka ɗauki wayarka ka buɗe shafin, ka duba rahoton kai-tsaye mai nuna minti 30 na ƙarshe. In ka ga mutum ɗaya ya bayyana, kai ne, aiki ya kama. Sauran rahotannin kan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin su cika, don haka kada ka tayar da hankalinka a ranar farko.

Kafin ka tashi, ka shiga saitin ajiye bayanai. GA4 kan zo ne a kan wata 2, kuma a tsarin kyauta za ka iya mayar da shi wata 14. Ka mayar. Rahotannin gama-gari ba sa ɓacewa, amma ranar da za ka so ka yi zurfin bincike ka kwatanta azumin bana da na bara, wannan saitin ne zai ba ka dama ko ya hana ka.

Yanzu ga inda ya kamata a zauna a yi tunani. Yawan maziyarta shi kaɗai ba ya ciyar da kowa. Ka tambayi kanka: wane abu guda ne in baƙo ya yi shi, zuwansa ya yi amfani? Ga yawancin masu sayar da kaya a wajenmu, ciniki ba ya ƙarewa a shafi. Mutum zai ga kaya, ya danna maɓallin nan kore mai cewa a yi magana ta WhatsApp, a can a yi ciniki, a can a turo alat. To wannan dannawar ita ce abin ƙirgawa. GA4 tana rubuta duk lokacin da aka danna mahaɗin da ke fita daga shafinka. Sai ka ƙirƙiri sabon aukuwa da sharaɗin cewa adireshin da aka danna ya ƙunshi wa.me, ka sa masa alamar muhimmin aukuwa. Daga ranar za ka daina cewa mutum kaza sun zo, ka koma cewa mutum kaza sun nemi magana da mu, kuma daga shafin leshi suka fi nema. Ga jarida kuwa, abin ƙirgawa zai iya zama karanta labari har ƙasa. Manhajar da kanta tana rubuta lokacin da mai karatu ya gangaro kashi 90 cikin 100 na shafi.

Sai babbar matsalarmu, wadda littattafan da aka rubuta don wasu ƙasashe ba sa ba ta muhimmanci yadda ta kamata. Mutanenmu ta WhatsApp suke raba mahaɗi, a sitatus da zauruka. Idan aka danna mahaɗi daga can, sau da yawa manhajar ƙidaya ba ta sanin inda aka fito, sai ta jefa mutumin a layin da aka rubuta Direct, wato waɗanda suka zo kai-tsaye kamar sun rubuta adireshin da hannunsu. Mai shafi ya ga layin ya yi tsawo, ya ɗauka sunansa ne ya yi ƙarfi, alhali sitatus ɗin yarinyar da ke kula da tallansa ne ke kawo jama'a. Maganin shi ne a yi wa mahaɗin wutsiya kafin a raba shi. Maimakon shafinka.com/leshi, sai a tura:

shafinka.com/leshi?utm_source=whatsapp&utm_medium=social&utm_campaign=sallah

Shafin da zai buɗe ɗaya ne, amma yanzu rahoto zai nuna cewa daga WhatsApp aka zo, a tallan Sallah. Ka riƙe ƙa'ida biyu. Ku rubuta komai da ƙananan baƙaƙe, domin manhajar tana ɗaukar WhatsApp da whatsapp a matsayin wurare biyu daban. Sannan kada a sa wannan wutsiyar a mahaɗin da ke kai mutum daga wani shafinka zuwa wani shafinka, na waje ne kawai.

Alƙaluman kuma ba wahayi ba ne. Masu toshe talla a burauzarsu da yawa ba a ƙirga su. Burauza irin Opera Mini, wadda ke matse shafi a sabar kamfaninta don tsimin data, kan sa ƙidaya ta yi gibi. Garin da aka nuna maka kan zama inda kamfanin sadarwa ya fitar da layinsa, ba inda mutum yake zaune ba, don haka kada ka ga Legas ta yi yawa ka yanke cewa ba ka da masu karatu a Katsina. Haka in ka ga Holan ko Jamus, ka tuna mutane da dama sun saba da VPN, mai sa a ga kamar daga wata ƙasa suke, tun lokacin da aka dakatar da Twitter a Nijeriya daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Ma'aikatanka ma suna ciki, duk lokacin da suka buɗe shafin don dubawa. Abin da za ka dogara da shi shi ne tafiyar lambar, ta hau ko ta sauka daga mako zuwa mako, ba adadinta na ƙwaya-ƙwaya ba.

In ba Google Analytics kake so ba, Matomo, wadda aka sani da Piwik kafin 2018, tana da fa'ida guda babba: za ka iya ɗora ta a sabarka, bayanan su zauna a hannunka. Sai dai kai ne mai sabunta ta, kai ne mai gadinta. Plausible ta kuɗi ce, ba ta amfani da kukis masu bin sawun maziyarci, kuma duk rahotonta a allo ɗaya yake. Ga wanda GA4 ta rikita, wannan sauƙin ba ƙaramin abu ba ne. Ko wacce ka zaɓa, ka haɗa da Google Search Console, ita ma kyauta, domin ita ce ke nuna kalmomin da mutane suka rubuta a Google har suka iso gare ka.

Ɓangaren hira

A nan ba daga sifiri kake farawa ba. Kana da zauren WhatsApp tuni, kuma ba zan ce ka rushe shi ba. Kowa yana da manhajar, tana tafiya ko sabis ya yi rauni, babu wanda ke bukatar koyarwa, saƙonni a rufe suke daga waya zuwa waya tun 2016, zaure guda yana ɗaukar mutum 1,024. Ga ma'aikata huɗu ko biyar ta wadatar.

Matsalarta tana bayyana ne idan aiki ya yi rassa. Maganar oda da ta albashi da gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure duk a layi ɗaya suke gangarowa. Tarihin hirar yana cikin wayoyin mutane, ba a hannun kamfani ba. Sabon ma'aikaci ba ya tarar da tsohuwar tattaunawa yadda take, wanda ya bar aiki kuma ya tafi da tasa a aljihu, har da lambobin kwastomomi.

Wannan ne abin da Slack ta zo gyarawa. Ta fito ne daga wani kamfanin wasan kwamfuta na Stewart Butterfield da wasansu bai yi kasuwa ba, sai manhajar da suke hira da ita a cikin gida ta zama hajar sayarwa. Kamfanin Salesforce ya kammala sayenta a 2021 a kan kusan dala biliyan 27.7. Tsarinta shi ne kowane batu da zaurensa, kowane saƙo kuma ana iya amsa shi a ƙarƙashinsa ba tare da an cika wa kowa allo ba, sannan ana iya nemo tsohuwar magana da kalma ɗaya. Amma ka san iyakar tsarin kyauta kafin ka kwashe kayanka ka koma: saƙonnin kwana 90 na baya kawai za ka gani, kuma tun 2024 abin da ya haura shekara guda ana goge shi. Microsoft Teams, wadda ta fito a 2017, ta fi dacewa da ofishin da ya riga yana biyan kuɗin Microsoft 365, inda Word da Excel suke abincin yau da kullum, sai dai ta fi nauyi a ƙaramar waya. Telegram tana tsaka-tsaki: kyauta ce, ana raba zaure gida-gida bisa batu, tarihin yana sabar kamfanin don haka sabon shiga zai iya ganinsa in an ba da dama. Ka sani dai zaurukanta ba su da irin rufin nan na waya zuwa waya.

A ganina, zaɓin manhaja bai kai tsarin amfani da ita muhimmanci ba. Ku raba zauren aiki da na zumunci. Duk shawarar da aka yanke, ko a waya aka yanke ta ko a tsaye bakin ƙofa, wani ya rubuta ta a layi biyu, da sunan wanda zai yi da ranar gamawa. Saƙon murya yana da daɗi, ya dace da bakinmu, amma ba a nemo kalma a cikinsa. Bayan wata uku babu mai sauraren saƙon minti huɗu don gano farashin da aka tsayar. A yi bayani da murya, a rubuta hukunci da hannu.

Inda suka sha bamban a aljihu da kuma a haɗari

Kuɗinsu ba hanya ɗaya yake hawa ba. Manhajojin ƙidaya na kuɗi, irin Plausible da Matomo ta sabar kamfaninta, suna caji ne bisa yawan buɗe shafi a wata. Slack da Teams kuwa bisa kan mutum suke caji, kowane ma'aikaci kowane wata. Jarida mai ma'aikata shida da dubban masu karatu, ƙidaya ce za ta iya yi mata tsada. Kamfani mai ma'aikata arba'in da shafin da ba a cika ziyarta ba, hira ce za ta cinye shi. Kuma yawancinsu da kuɗin waje ake biya, don haka ka lissafa da canjin gobe, ba na yau ba.

Lalacewarsu ma daban ce. Idan manhajar hira ta tsaya, cikin minti biyar kowa ya sani. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, da WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida, babu wanda ya bukaci a gaya masa. Manhajar ƙidaya kuwa shiru take mutuwa. Mai gyaran shafi ya canza masa fuska, guntun rubutun ya faɗi, shafi yana aiki lafiya lau, sai bayan makonni a tarar da rahoto fayau, kuma babu hanyar dawo da kwanakin. Saboda haka duk ranar da aka taɓa shafin, a sake gwajin nan na waya da rahoton kai-tsaye.

Sai amana. Abin da ke zauren hira sirrinku ne, abin da ke manhajar ƙidaya kuwa sawun mutanen da ba su san ka ba. A 2022 hukumomin kare bayanai na Ostiriya da Faransa da Italiya sun yanke cewa yadda ake amfani da Google Analytics a lokacin ya saɓa wa dokar Turai, saboda tura bayanai zuwa Amurka. Nijeriya ma ta samu dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, da hukumar da ke kula da ita. Ka sa shafi guda da ke bayyana wa maziyarta, cikin harshen da suke ji, abin da kake tarawa da dalilinsa. Kada kuma sunan mutum ko lambarsa ko imel ɗinsa ya shiga adireshin shafi ko wutsiyar mahaɗi, ƙa'idojin Google da kansu sun hana. Haka hoton katin shaidar kwastoma ko na rasidin bankinsa ba abin jefawa a zauren mutum talatin ba ne.

Haɗa su

Ba sai da wata fasaha ba. Ka ɗora wa mutum ɗaya nauyi, da sunansa, cewa kowace Litinin da safe zai buɗe rahoto ya kawo lambobi uku zuwa zauren aiki: mutum nawa suka zo, daga ina suka fi zuwa, nawa suka yi abin nan guda da kuka zaɓa. Ya kwatanta da makon jiya, ya rufe da tambaya ko shawara. Ba hoton allo zai turo ba, domin hoton allo kowa zai sa masa alamar yatsa ya wuce. Rubutu zai yi, kamar haka:

"Yallaɓai, barka da safiya. Masu zuwa sun ƙaru a kan makon jiya, yawanci daga sitatus na tallan Sallah. Amma masu danna WhatsApp sun ragu. Shafin leshi ne aka fi buɗewa, kuma na duba a wayata, maɓallin yana can ƙasa, sai an wuce hotuna goma sha biyu. Ina ganin a ɗago shi sama. Malam Sani, za ka iya kafin Laraba?"

Saƙo irin wannan ya ɗauko lamba, ya je ya duba da ido, ya kawo dalili, ya miƙa aiki ga mutum da rana. Litinin mai zuwa, a ƙarƙashin wannan saƙon za a dawo a faɗi ko gyaran ya yi tasiri. Ku riƙa rubuta ranar kowane canji a zauren, sabon talla ko sauyin farashi ko ranar da shafi ya faɗi. Manhajar ƙidaya za ta nuna maka cewa lamba ta yi tsalle ranar Alhamis, amma ba ta san dalili ba. Dalilin yana cikin hirarku.

A wannan zauren ne kuma ya kamata mahaɗan talla su zauna. Mutum ɗaya ya haɗa wutsiyar, ya manna saƙon a sama, kowa ya kwafa daga nan.

In kana son abin ya riƙa zuwa da kansa, Plausible tana aika rahoton mako ta imel ko cikin Slack, tana kuma sanarwa idan jama'a suka yi dafifi a shafi. A GA4 za ka iya kafa sharaɗi, misali a aiko maka imel in maziyartan yini suka faɗi ƙasa da rabin yadda aka saba. Wannan ne zai kama maka mutuwar shirun da na ambata. Amma ka taƙaita. Sanarwar da ke shigowa kowace awa, cikin kwana uku za a daina ganinta.

Ga masu jarida ina da roƙo. Kada lambar nan ta zama bulala. Idan edita ya fara jera sunayen wakilai a zaure bisa yawan dannawa, wakilin da ya kwana uku yana bin labarin asibitin ƙauye zai ga wanda ya kwafo rigimar 'yan fim ya fi shi, gobe kuma ba zai koma ƙauyen ba. A duba wane labari aka karanta har ƙarshe, wanne ya sa mutane suka dawo, wanne ake ci gaba da nemowa a Google bayan wata guda. Su ma lambobi ne, kuma suna cikin rahoton.

Abu na ƙarshe da ake mantawa har sai rigima ta taso shi ne mallaka. Sau da yawa wanda ya gina shafin ne ya buɗe asusun ƙidaya da imel ɗinsa, zauren hira kuma wata ma'aikaciya ce ta buɗe da layinta. Ka duba yau. Asusun ƙidaya ya kasance a kan imel ɗin kamfani, kai ne mai cikakken iko, sauran a ba su izinin dubawa kawai. Zauren hira ya samu shugabanni biyu aƙalla, ɗaya a kan layin kamfani. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a duka. Ranar da wani ya ajiye aiki, a cire shi daga wuraren biyu kafin a tashi, sannan a canza duk kalmar sirrin da aka taɓa turawa a cikin zauren.